Burodin gida: me ke sa ya tashi, me ke sa ya zauna

Kayan burodi ba su da yawa: fulawa, ruwa, yis da gishiri. Suga, bota, madara da ƙwai duk ƙari ne don daɗi da laushi. Amma da waɗannan 'yan kayan ne ake fitar da burodin da ya yi nauyi, ko ya yi tsami, ko gindinsa ya ƙone alhali cikinsa ɗanye, ko ya yi kyau yau gobe ya bushe. Da an samu haka sai a ce fulawar ce ba ta da kyau, ko yis ɗin ya mutu. Wani lokaci hakan ne, amma mafi yawan matsalar daga ruwa da zafi take, kuma su biyun nan yanayin gari ne ke juya su. Ruwan da ya ishi fulawa a watan Agusta ba zai ishe ta a Janairu ba, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai. Awa ɗayan da ake cewa a bar kwaɓi ya tashi kuwa, a Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu ta isa ta lalata shi. Don haka uwargida, kwaɓin za ki riƙa dubawa, agogo ɗan taimako ne kawai.

Danƙon fulawa

A cikin alkama akwai furotin iri biyu waɗanda idan ruwa ya jiƙa su aka murza, suke sarƙewa su zama danƙo, shi ne masana ke kira gulutin. Yis yana cin sugan da aka sa da wanda ke fitowa daga sitacin fulawa ya fitar da iska, danƙon nan kuma ya riƙe iskar ya hana ta fita, sai kwaɓi ya kumbura. Gero, dawa, masara da shinkafa ba su da wannan danƙon, shi ya sa masa take tsayawa a ƙullu a gurbin tanda, ba ta zama curin da za a yanka da wuƙa.

Fulawar da ta dace da burodi tana da furotin kashi 11 zuwa 13 cikin 100, ta kek kuwa ba ta cika wuce 9 ba. Idan ta leda ce, adadin yana rubuce a jiki. Idan ta awo ce daga buhu, akwai gwaji mai sauƙi: ki kwaɓa cokali biyu da ɗan ruwa, ki bar shi minti 20, sannan ki riƙa wanke curin a cikin kwanon ruwa kina matsawa. Farin ruwan da ke fita sitaci ne. Abin da ya rage a hannunki mai talewa, shi ne danƙon. Idan ya narke bai bar komai ba, ko yana tsinkewa da an ja shi, a ajiye wannan fulawar don cincin.

Awo

Babbar matsalar awo da kofi ko gwangwani ita ce fulawa tana dannuwa. Kofi mai cin mil 250 zai iya ɗaukar giram 125 idan da cokali aka zuba, ya ɗauki 150 ko fiye idan cusa shi aka yi cikin buhu aka danna. A kofi huɗu bambancin ya kai giram 100, wanda shi kaɗai ya isa ya mayar da burodi mai laushi mai tauri. Ƙaramin sikelin kicin ya fi duk wani kayan aiki da za a saya don burodi amfani. Idan babu, a tankaɗe fulawar, a zuba a kofi da cokali, a share samansa da bayan wuƙa, kuma kullum a yi haka.

Ga awon da ke ba da burodi mai laushi irin na shan shayi, babba guda ɗaya ko ƙanana biyu. Fulawa giram 500, wato kofi huɗu. Ruwa mil 300. Suga giram 50, cokalin cin abinci huɗu. Bota giram 40, kimanin cokali uku. Madarar gari cokali uku. Gishiri giram 9, cokalin shayi ɗaya da rabi. Yis mai saurin tashi giram 6, cokalin shayi biyu. Idan za a sa ƙwai ɗaya, a rage ruwa da kamar mil 40, domin mafi yawan ƙwai ruwa ne.

Masu gidan burodi da nauyin fulawa suke auna komai, kuma da wannan lissafin ne ake ninka awo ba tare da an ɓata ba: ruwa kashi 60 cikin 100 na fulawa, gishiri kusan 2, yis 1 ko sama kaɗan, suga 10. Gishirin nan da ake rainawa yana da aiki ban da ɗanɗano, yana ƙarfafa danƙo kuma yana ja wa yis birki. Kwaɓin da aka manta ba a sa masa gishiri ba yana tashi da gudu, ya yi ta manne wa hannu, ya fito salam. Suga kuwa ana ɗauka ƙara shi yana ƙara tashi. Kaɗan yana taimakawa, amma da ya wuce kashi 10 zuwa 12 sai ya fara janye ruwa daga jikin yis, tashi ya yi nawa. Mai son burodi mai zaƙi sosai sai ta nemi yis ɗin da aka yi musamman don kwaɓi mai yawan suga, ana rubuta hakan a jikin ledarsa, ko ta ƙara rabin cokalin shayi ta kuma ƙara haƙuri.

Kada a juye ruwan duka lokaci ɗaya. A zuba mil 270, a haɗa, a ƙara sauran da cokali. A hunturu fulawa takan sha duka 300 ta nemi ƙarin cokali biyu ko uku. A damina, da ta riga ta sha laima a buhu, wataƙila 280 ya isa. Kwaɓin da ya yi daidai laushinsa kamar fatar kunne yake, yana ɗan kama yatsa amma yana saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne ganin ya manne a minti biyun farko sai a yi ta barbaɗa fulawa. Mannewar nan da kanta take raguwa idan danƙo ya haɗu. A shafa mai a hannu da kan tebur maimakon ƙarin gari.

Yis da zafin ruwa

Yis abu ne mai rai. Sanyi yana sa shi barci, ɗumi yana tada shi, zafin da ya kai digiri 55 zuwa 60 na Salsiyos yana kashe shi. Wanda aka ƙulla a 'yan ledoji ya wuni a kan teburin kasuwa cikin rana, ƙarfinsa ya ragu tun kafin ya iso gida. Kafin a yi asarar fulawa, a gwada: rabin kofin ruwan ɗumi, suga cokalin shayi ɗaya, yis cokalin shayi ɗaya. Idan minti 10 suka wuce bai yi kumfa ba, a zubar. Babbar leda kuwa da an fasa ta a juye a kwalba mai murfi a sa a firji, ko wuri mafi sanyi a ɗaki.

Maganar "ruwan ɗumi" da ake maimaitawa a kowane bayanin girki ta samo asali ne daga ƙasashen sanyi. Abin da ake nema shi ne kwaɓi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 bayan an gama murza shi. Da asubar hunturu, fulawa da roba da tebur duk sun yi sanyi, ruwan ɗumi ya dace, irin wanda za a iya barin yatsa a ciki ba a ji zafi ba. Amma a bazara, da ɗaki ya haura digiri 35, ruwan randa ko na firji ake so, kuma a rage yis zuwa cokalin shayi ɗaya da rabi. Kwaɓin da ya tashi da gaggawa cikin zafi yana warin giya, danƙonsa ya saki, ɗanɗanonsa ba ya kai na wanda ya tashi a hankali.

Murza

A haɗa komai ban da bota, a juya har gari ya ɓace, a rufe a bar shi minti 20. Wannan hutun yana rage kusan rabin wahalar murza, domin fulawa tana shan ruwa danƙo ya fara haɗuwa da kansa. Daga nan a murza minti biyar, a sa bota mai laushi, a ci gaba minti takwas zuwa goma. Dalilin jinkirta bota shi ne maiƙo yana lulluɓe gari ya hana shi shan ruwa yadda ya kamata. Da an sa ta kwaɓin zai yi kamar ya rabu, a ci gaba kawai, zai koma ya haɗe ya yi sumul.

Ana murzawa da gindin tafin hannu: a tura gaba, a ninko, a juya, a sake turawa. Alamar ya isa ita ce a gutsuri kaɗan a tale shi a hankali da yatsu huɗu. Idan ya yi siriri har ana ganin haske ta cikinsa bai yage ba, an gama. Idan ya tsinke nan take, saura aiki, kuma burodin da aka gasa a haka shi ne mai marmashewa idan an zo yankawa.

Burodin kasuwa mai jawuwa, irin wanda ake kira na Agege, sirrinsa yana wurin injin murza mai ƙarafa biyu da ke matse kwaɓi ana ninkawa ana sake turawa. A gida ana kusantar hakan da sandar murza fulawa ko kwalba mai tsabta: bayan murzar hannu a baje kwaɓin, a ninka uku, a juya, a sake bajewa, kamar sau goma. Idan ya fara gardama yana komawa, a ba shi minti biyar ya huta.

Akwai kuma dabarar da masu gashin burodi a Japan da Sin suka shahara da ita, wadda duk mai tuƙa tuwo ta riga ta iya, wato talge. A ɗebi giram 25 daga fulawar da mil 125 daga ruwan, a dama, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri cokali yana barin layi. A bar shi ya huce sarai, sannan a haɗa da sauran kayan. Sitacin da ya dahu yana riƙe ruwa fiye da ɗanye, don haka kwaɓin zai karɓi ƙarin ruwa cokali biyu ba tare da ya caɓe ba, burodin kuma ya kwana biyu da laushinsa. A ganina wannan ta fi duk wani garin haɗi da ake sayarwa da sunan gyara burodi. Daga cikin irin waɗannan sinadaran ne ma akwai buromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi a Najeriya saboda haɗarinsa ga lafiya, don haka duk wani farin gari ko ƙwaya da ba a rubuta abin da ke ciki ba, a bar wa mai shi.

Tashi biyu

A shafa wa roba mai, a sa curin, a rufe da leda ko murfi. A hunturu tsumma busasshe ba ya wadatarwa, iska tana ratsa shi ta busar da saman kwaɓin ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi tashi, kuma ya bar gudaji masu tauri a cikin burodi. Kada kuma a kai shi rana kai tsaye, saman zai yi zafi ya wuce ƙasa. Idan sanyi ya yi yawa, a ajiye robar kusa da tukunyar ruwan zafi a cikin kabad ko obin da ba a kunna ba.

Ana so ya ninka girmansa. A ɗaki mai matsakaicin ɗumi yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tsananin zafi minti 35 zuwa 45, da sanyin Janairu kuwa ya kai awa biyu ko uku. A tsoma yatsa a gari a soka a tsakiya: idan ramin ya tsaya, ya yi. Idan ya cike da sauri, da saura. Idan kwaɓin gaba ɗaya ya sace, ya wuce, sai a hanzarta.

A juye a tebur, a danne iskar, a baje shi ya yi faɗin gwangwanin gashi, a naɗe shi tamau daga sama zuwa ƙasa ana dannawa a kowane zagaye, a matse bakin da yatsu, a sa a gwangwanin da aka shafa wa bota, bakin yana ƙasa. Naɗi sako-sako shi ke barin babban kogo a tsakiyar burodi. Kwaɓin ya tsaya a rabin gwangwani, awon nan na sama ya dace da mai tsawon santimita 23 da faɗin 13.

Tashi na biyu shi ne inda aka fi faɗuwa, domin kuskurensa ba ya gyaruwa a wuta. A danna gefensa da yatsa a hankali. Idan ya dawo nan take, bai isa ba, kuma idan aka gasa a haka zai tsage a gefe ya yi nauyi a ƙasa. Idan ya dawo a hankali ya bar ɗan alama, lokaci ya yi, galibi a sannan ya ɗara bakin gwangwani da santimita ɗaya ko biyu. Idan bai dawo ba sam, ya wuce, danƙon ya gaji, da ya ji wuta zai kumbura ya zube ya bar sama a lotse. Wanda ya wuce ana iya ceto shi sau ɗaya: a juye, a danne, a sake naɗewa, a jira tashin da zai zo da sauri fiye da na baya. Haka ma za a yi idan an ɗauke wuta alhali obin ɗin na lantarki ne, kafin a haɗa gawayi.

Wuta

A minti goman farko burodi yana yin tashinsa na ƙarshe, iskar ciki tana buɗewa, yis yana aiki da ƙarfi har zafi ya kashe shi, sannan sitaci da danƙo su daskare a siffar da suka samu. Shi ya sa dole obin ya yi zafi tun kafin a sa, a kunna shi minti 15 kafin lokaci, kuma ba a buɗe shi a minti 15 na farko. Burodi mai suga da madara digiri 180 yake so, minti 30 zuwa 35. Jan da ɓawo ke yi haɗuwar suga da furotin ce a zafi mai yawa, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma shi ya sa mai yawan suga yake saurin yin duhu tun ciki bai nuna ba. Idan sama ya yi ja da wuri a ɗora masa takardar gashi. Obin ɗin gas da yawa wutarsu daga ƙasa take, sai a sa burodin a tsakiya, a sa faranti wofi a ƙasansa ya tare zafin.

Rashin obin ba ya hana burodi. A sami tukunya mai kauri da faɗi, mai murfin da ke rufuwa sosai, ban da mai fenti ko wadda aka yi don kada abinci ya kama, domin zafin tukunya wofi yana lalata rufinta. A zuba yashi wankakke busasshe kaurin yatsu biyu, a jera duwatsu uku ko gwangwanayen tumatir wofi a kai, don gwangwanin burodi ya zauna a sama, iska mai zafi ta zagaye shi. A rufe a ɗora a wuta minti 15. Don sanin zafin, a barbaɗa fulawa a kan murfin gwangwani a sa a ciki: idan ta yi ja mai kyau cikin minti biyar, zafin ya yi daidai. Idan ta yi baƙi, a rage wuta. Idan tana nan fara, a ƙara jira.

Matsalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa kaɗai yake zuwa, sai gindi ya ƙone sama ya fito fari. Maganinta garwashi a kan murfi. Idan da gawayi ake yi, kashi biyu cikin uku na garwashin a sama, kashi ɗaya a ƙasa, kuma wanda ya riga ya ruru ya yi toka-toka, ba mai harshe ba. A juya tukunyar sau ɗaya ko biyu don kada gefe ɗaya ya fi cin wuta. Ƙananan curi sun fi dacewa da tukunya fiye da babban gwangwani, a raba kwaɓin gida goma, su gasu cikin minti 20 zuwa 25. Gawayi kuma a tsakar gida ake hura shi, ko da sanyi ake yi, domin iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Idan an fitar, a ƙwanƙwasa gindinsa, wanda ya gasu yana amsawa kamar ba komai a ciki. Mai ma'aunin zafi ta soka a tsakiya, digiri 90 zuwa 93 ake nema. A shafa bota a sama tun da zafi don ɓawo ya yi laushi, a cire shi daga gwangwani bayan minti biyar, a ɗora a kan raga inda iska za ta shiga ta ƙasa. Yara za su matsa a yanka, amma a jira awa ɗaya, domin tururin ciki bai gama aikinsa ba, wuƙa za ta cuɗe shi ya zama kamar ɗanye.

Ajiya

Burodin gida ba shi da maganin fumfuna da gidajen burodi ke sawa, kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa, a damina ma ƙasa da haka. Ƙulle shi a leda da ɗuminsa yana sa ya yi gumi, gumin ya kira fumfuna. Firji yana hana fumfuna amma yana sa shi saurin tauri, saboda sitaci ya fi saurin ƙanƙancewa a wannan sanyin. Firiza ce ke tsayar da komai: a yanka, a ƙulle, a riƙa ɗiba.

Akwai wata cutar burodi ta lokacin zafi da ba a cika ganewa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu tsakiyarsa ta yi danshi, idan an raba shi ana ganin zare-zaren yauƙi, yana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ƙwayoyin cuta ne da ke zuwa da gari, waɗanda zafin gashi ba ya kashe ƙwansu. Irin wannan zubarwa ake yi. Ana kare shi da gasawa sosai, da saurin hucewa, da ruwan khal cokalin shayi ɗaya ko biyu a kwaɓin giram 500, sannan a goge tebur da roba da khal ɗin. Wanda ya bushe kawai ba tare da ya lalace ba kuwa, a tsoma yankan a ƙwai biyu da aka kaɗa da rabin kofin madara a soya a ɗan mai, karin kumallo ya samu.

Garin alkama, alkubus da funkaso

Alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, idan aka kai niƙa, da dusarta take fitowa. Dusar tana yanka danƙo kuma tana shan ruwa da yawa, shi ya sa burodin alkama zalla yake fitowa gajere mai nauyi. A fara da kashi ɗaya na alkama, biyu na fulawa, a ƙara ruwa cokali ɗaya a kan kowane giram 100 na alkamar, a tsawaita hutun farko zuwa minti 30. A tabbata injin bai niƙa barkono ba kafin a zuba, a baje garin ya huce idan an dawo da shi, kuma a niƙa daidai na mako biyu ko uku, domin maiƙon da ke cikin ƙwayar alkama yana sa gari ya canza wari idan ya daɗe.

Duk abin da aka faɗa kan yis da zafi yana aiki a alkubus da funkaso, abin da ya bambanta su yawan ruwa ne da yadda ake dafawa. Alkubus na mutum shida: gari giram 500, rabi alkama rabi fulawa, ruwa mil 400 zuwa 430, yis cokalin shayi biyu, gishiri ɗaya da rabi, suga cokali ɗaya, man gyaɗa cokali uku. Wannan kwaɓin ya fi ƙarfin murza, bugawa ake yi da hannu a cikin roba minti bakwai zuwa goma, har ya riƙa biyo hannu. Idan ya ninka a sake bugawa kaɗan, a zuba a gwangwanayen da aka shafa wa mai zuwa rabinsu, a bar su minti 10, a jera a madambaci da ruwansa ya riga ya tafasa, a turara minti 25 zuwa 30. A naɗe murfin da tsumma mai tsabta, in ba haka ba ruwan da ke ɗiga yana lotsa saman alkubus ya jiƙe. Tsinke ya fito wankakke, ya nuna. Masu sa jiƙon kanwa don kashe tsami su tsaya a cokali ɗaya, da ta yi yawa launin zai yi duhu, baki ya ji sabulu-sabulu.

Funkaso kwaɓinsa ya ɗan fi ƙarfi, ruwa kamar mil 360. A jiƙa hannu, a ɗebo, a faɗaɗa, a huda tsakiya don mai ya ratsa, a saki a mai. A gwada man da ɗan gutsure: ya nutse ya taso cikin daƙiƙa uku ko huɗu yana kumfa. Man da bai yi zafi ba funkaso yana shanye shi, wanda ya yi hayaƙi kuma yana ƙona baya ya bar ciki ɗanye. Uku ko huɗu a lokaci ɗaya sun isa, cika kasko yana sauke zafin man.

Su biyun miyar taushe suke nema. A dafa nama da ƙashi rabin kilo da albasa, daddawa biyu da kayan ƙamshi. Idan ya fara laushi a sa kabewa rabin kilo da aka fere aka yanka, ta dahu a cikin romon, a tsame a dame ta a mayar. A soya jajjagen tattasai huɗu, tumatir huɗu, attaruhu biyu da albasa a manja ko man gyaɗa har ruwan ya ƙone, a juye a tukunya. Gyaɗa niƙaƙƙiya kofi ɗaya da ruwan ɗumi ake dama ta kafin a zuba, idan aka watsa ta a bushe gudaji take yi. Daga nan a rage wuta a riƙa juyawa har ƙasa, domin gyaɗa da kabewa duka masu kama gindin tukunya ne, kuma da ƙauri ya shiga ba ya fita. Minti 15 sun isa gafin gyaɗar ya tafi, mai ya taso sama. Alayyafo ɗauri biyu a minti biyar na ƙarshe. Yakuwa kuwa tafin hannu ɗaya ya isa wannan tukunyar, idan mai tsami ce sosai a tafasa ta daban a zubar da ruwan farko. A bar miyar da ɗan ruwa-ruwa lokacin saukewa, tana ƙara kauri idan ta huce, kuma alkubus yana shan miya fiye da tuwo.